UWARGIDA, KAWO YARONKI A DUBA MASA HAƘORA

Yawancin mata ba sa kai yaro wurin likitan haƙori sai kunci ya kumbura, an kwana ba barci. A lokacin nan sau da yawa ba abin yi sai cirewa. Da an zo da wuri, da cike ramin kawai za a yi.

Ki kawo shi da zarar haƙorin farko ya tsiro, kada ya wuce shekara 1. Daga nan sai duk bayan wata 6, ko da ba ya kukan komai.

ABIN DA ZA A YI

In kin yanki kati, za a tambaye ki abin da yake ci, da yawan alewa da lemon kwalba da yake sha, da ko yana da wani ciwo kamar sikila. Faɗi gaskiya, ba faɗa za a yi miki ba.

Sai a kwantar da shi a kujera, a haska fitila. In ƙarami ne, a cinyarki zai zauna. Likita zai sa ɗan madubi a bakinsa, ya ƙirga haƙoran, ya duba dasashi da harshe da cikin kunci. Duba kawai ba allura, ba zafi. Don Allah kada ki tsorata shi da allura a hanya.

Haƙoran nono 20 ne, na manya 32. Ga inda ake yin kuskure: wajen shekara 6, turmi na manya yakan fito can ciki, bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Uwa ta ga ya yi baƙi, ta ce ai zai famfare. Wannan ba ya famfara, in ya tafi ya tafi ke nan. Shi likita ya fi sa wa ido.

Za a nuna miki yadda ake goge baki safe da dare. Man goge baki mai fulorayid, kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6.

Ke ma ki hau kujerar. Mai juna biyu dasashinta yakan yi jini, kuma ba laifi a kankare mata dattin da ya daskare a gindin haƙori. Ki dai gaya wa likita kina da ciki kafin a ɗauki hoto ko a rubuta magani.

KADA KI JIRA WATA 6

In yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 ya rame, ko ya tashi daga ƙyanda, sai gyambo ya fito a dasashi, baki na wari, kunci ya fara kumbura, kawo shi RANAR. Cutar noma ce ake tsoro. Cikin 'yan kwanaki takan ci kunci har ta huda shi, takan kuma kashe. In an kama ta da wuri, magani yana tsayar da ita.

Ki zo da katin awon yaro.

MA'AIKATAR LAFIYA TA JIHA