Ƙwaron Wake Ƙishirwa Ke Kashe Shi

Manoman ƙasar Batsari da Safana ba sa bukatar a gaya musu irin ɓarnar da ƙwaro ya ke yi wa wake. Mutum ya zuba wake tas a buhu da kaka, kafin bazara ya tarar rabinsa ya huje, gari na zuba. Ga shi kuwa shekarun nan wanda ya samu ya nome gonarsa ta bakin dajin Rugu har ya kai amfani gida, da wahala da fargaba ya kai shi. To, ashe bai kamata ƙwaro ya raba shi da shi a cikin ɗaka ba.

Ƙwaron nan tun daga gona ya ke biyo wake. Macen tana liƙa ƙwanta a jikin ƙwayar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, tana ci a ɓoye. Idan da zafi, cikin mako uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro ta fito, ta bar rami. Mace guda kan yi ƙwai gommai. A ɗauka kowace ta bar 'ya'ya mata 20 da suka rayu. Wata na fari 20 ke nan, na biyu 400, na uku 8,000, na huɗu 160,000, duk daga uwa ɗaya. Shi ya sa buhun da a ke ganin lafiya lau a watan Nuwamba ya kan lalace kamar dare ɗaya a watan Maris.

Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, sun daɗe suna bin ƙwaron nan. A 1990 sun bayyana wata na'ura mai jin ƙarar tsutsa tana tauna a cikin ƙwaya, ƙarar da kunnen mutum ba ya iya ji. Da ita su ke sanin sa'ad da tsutsa ke ci da sa'ad da ta daina, ba tare da sun fasa waken ba. Tare da ma'aikatan gona na Marwa a Kamaru suka gwada ajiya cikin leda a kan leda, daga 2007 kuma aka yaɗa buhun da a ke kira PICS a Nijeriya da Nijar da maƙwabta. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje.

Cikin kashi 100 na iskar da ke ko'ina, kashi 21 ne sashen da rai ke amfani da shi, watau oksijin. In an ɗaure buhu, ƙwarin da ke ciki su ke shanye shi da kansu. Idan ya sauko wajen kashi 5, sai ci ya tsaya. Leda ɗaya ba ta tare iska sarai, tana ɗan ratsa ta a hankali, ledar ta biyu ita ke rage wannan.

Da, kowa ya ɗauka numfashi ne ke yanke wa ƙwaron. A 2012 Murdock da abokan aikinsa suka nuna akwai abin da ya fi wannan. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da inda za ta sha ruwa. Yawancin ruwan jikinta ita ke yin sa, ta haɗa abincin da ta ci da oksijin. Da oksijin ya yi ƙaranci, rijiyarta ta ƙafe ke nan, ta bushe ta mutu. Abin mamaki ne, ƙishirwa ta kashe ta a tsakiyar abinci. Amma mutuwar ba ta kwana ɗaya ba ce, tana ɗaukar makonni. Don haka mai kwance buhu kowace safiya don a ɗebi na ɗan wake, shayar da ƙwarin ya ke yi. Gara a ware na ci daban.

Dokta Ibrahim Baoua, lokacin yana hukumar binciken gona ta Nijar a Maraɗi, ya gwada buhunan a hannun manoma, ya tarar wake na yin watanni lafiya ba magani, irin kuma yana tsirowa. Fatake su lura da wannan. Zuba fiya-fiya a wake guba ce ga mai ci, saboda irin wannan magani ne ma ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Sai wake ya bushe ƙayau sa'an nan a zuba, domin ɗanye zai yi fumfuna ko a wane buhu. A hura kowace leda a matsa, a ji ko tana yoyo. In akwai ɗan huji a liƙe shi, in ya yi yawa a sake wata. Bayan an zuba, a bar wuya, a matse iskar ta fita, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure tam, sa'an nan ta biyu, sa'an nan buhun waje, kowanne da igiyarsa. A ɗora shi kan katako nesa da bango, a share gari da ƙwayar da ta zube, don kada ɓera ya samu dalilin zuwa.