Darasi Daga Motar Tsere Ford GT40

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, yau ina so in ba ku labarin wata mota, domin na ga yana da amfani a aji.

A ƙasar Faransa akwai wani gari ana ce da shi Le Mans. Tun 1923 aka fara tseren motoci a can, tsere kuwa na sa'a 24, dare da rana. Motar da ta fi cin nisa kafin lokaci ya cika ita ce ta ci. Watau dai ƙarko ake gwadawa, ba gudu kaɗai ba.

Daga 1960 zuwa 1965 motocin Ferrari na Italiya ne ke cinyewa. A 1963 kamfanin Ford na Amurka ya nemi sayen Ferrari, ciniki bai faɗa ba. Sai Ford ya ƙera tasa motar, aka sa mata suna GT40, domin daga ƙasa zuwa rufinta inci 40 ne kacal.

Gudu kam tana da shi, amma a 1964 da 1965 ko guda ba ta kai ƙarshe ba. Wata giya ta lalace, wata inji ya yi zafi. Maƙera ba su yi fushi ba, suka yi ta gwaji suna gyara. A 1966 sai ga ta ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku, kana ta sake ci a 1967 da 1968 da 1969.

Na 1969 shi na fi so ku riƙe. Al'adar lokacin, direbobi kan sheƙa a guje su faɗa mota, wasu su tashi ba su ɗaura bel ba. Jacky Ickx, mutumin Beljiyam, ya ƙi. Ya taka a hankali, ya ɗaura nasa, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko wani direba ya yi haɗari ya rasu. Kashegari Ickx ya ci, tsakaninsa da Porsche mai bi masa ko yadi 150 babu. Daga 1970 aka daina wannan al'ada. Ashe gaskiyar Hausawa ne, sannu ba ta hana zuwa.

Ga lissafin da nakan ba yara: motar 1967 ta yi mil 3,251 cikin sa'a 24. Mil nawa ke nan a sa'a guda? In sun gama, ku tambaye su abin da ya hana ta ci a 1964.