Kemis Da Gidan Haihuwa: Ta Ina Jari Ke Zurarewa?

 Darasin wannan fitowa naki ne idan kin yi karatun kiwon lafiya, a kwalejin Tsafe ko makarantar jinya da ungozoma ta Gusau, kuma kina da niyyar buɗe ɗan wurinki a Dosara, Bakura, Maradun ko cikin Talata Mafara. Ke ma da maigida ke da kemis kike riƙe masa lissafi, matso kusa.

Masu neman magani ba sa yankewa a yankinmu, musamman mata da suka fi sakewa idan mace ce za ta duba su. Amma sau nawa kika ga kemis cike da jama'a, shekara na zagayowa sai kanta ta koma wayam? Kuɗin yana shigowa, ta wata ƙofa yake fita.

Fara da takarda. Lasisin kemis yana hannun hukumar PCN mai kula da harkar magunguna, kuma sabunta shi ake yi duk shekara. Wannan lasisi na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, bai ba ki damar yin allura ko ƙarin ruwa ba. Gidan haihuwa ko ƙaramin asibiti kuwa, sai da rajistar Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Ran da aka garƙame wuri da kwaɗo, magani na ciki yana lalacewa, kuɗin haya yana tafiya.

To, ga babbar ƙofar: bashi. Mutanenmu manoma ne. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya shige gona. Uwa za ta zo da yaro jiki kamar wuta ta ce a yi haƙuri sai kaka. Ba za ki kore ta ba, bai ma kamata ba. Sai dai ki yi wannan lissafi. A ce kin zuba jarin naira 200,000, ribarki naira 20 ce a kan duk maganin da kika saya naira 100. Idan kin sayar duka kin sami 240,000. Idan kuwa 60,000 na hannun mutane, 180,000 kaɗai za ki koma da su wurin dila. Kin ga ke nan jari ya ragu alhali a baki kin ci riba. A yi haka sau uku, shago ya mutu.

Maganinsa shi ne ki yanke tun farkon wata iyakar abin da za ki iya bayarwa bashi, ya fito daga riba, kada ya taɓa uwar kuɗi. Ki rubuta suna, rana da adadi a gaban mai karɓa, ki tambayi ranar biya. Kunya kan hana mu rubuta bashin dangin miji, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ki kuma san lokacin tuntuɓa. Mai noman damina a neme shi da kaka, mai noman rani a filayen Bakolori a neme shi idan ya yanke shinkafa. Wadda kika san ba ta da halin biya, ki ba ta sadaka ki rubuta sadaka, ya fi ki riƙa ƙirga kuɗin da ba zai dawo ba.

Akwai wani bashin da ba a kiransa bashi. Maigida ya makara, kin zari kuɗin cefane a aljihun tebur. Biki ya taso, kin zari na anko. Ki yanka wa kanki albashi, ki ɗauka sau ɗaya a wata, sauran na shago ne.

Ƙofa ta biyu magani ne da ke mutuwa a kan kanta. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40, balle a ɗakin kwano marar silin. Ki nemi ɗaki mai iska, ki ɗaga kwalaye daga ƙasa, ki jera wanda ranar lalacewarsa ta fi kusa a gaba. Ki yi sayayya da lura da yanayi: maganin zazzaɓi, kayan gwajinsa da ruwan gishiri da sukari kafin damina ta kankama, na tari da mura gabanin hunturu. Da yake hanya ba kullum take biyuwa ba saboda matsalar tsaro, abin da ke tafiya da sauri ki ajiye na 'yan makonni, wanda ba a cika nema ba ki ɗauko kaɗan.

Kada araha ta ruɗe ki wurin saye. Ki duba lambar NAFDAC, ki karɓi rasit, ki tsaya ga dila mai rajista. A shekarar 2024 hukumomi sun rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari a Kano, aka ce su koma sabuwar cibiya ta Dangwauro, don a san inda kowane kwali ya fito. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙoran jarirai da ya hallaka yara fiye da 80 tsakanin 2008 da 2009. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana tun 2018, duk ribar da wani zai kwaɗaita miki, ki ce a kai kasuwa.

Saura abin da wasu ke gani kamar asara, wato tura marar lafiya gaba. Mai ciki da ke zubar da jini, ko ƙafa ta kumbura ga ciwon kai, ko naƙuda ta wuce awa 12, ko yaro yana jijjiga ya ƙi nono, wannan ya wuce wurinki. Ki tura su Babban Asibitin Talata Mafara nan take, da 'yar takarda mai bayanin abin da kika gani da abin da kika bayar. Kin rasa cinikin yini ɗaya, amma gidan nan duk wanda ya yi ciwon kai wurinki za a aiko. Wadda ta riƙe mai naƙuda don kuɗin ƙarin ruwa har aka rasa rai, labarin zai riga ta isa kasuwar Talata.

Haka nan sirri. A ƙaramin gari kowa dangin kowa ne, mace ta gaya miki lalurarta da safe, kada kishiyarta ta ji da yamma. Ki ja wa yarinyar da ke taya ki kunne a kan wannan tun ranar da kika ɗauke ta.

Aikinki kafin fitowa ta gaba: sayi littafi mai layi, ki raba kowane shafi gida huɗu, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi, da abin da ya lalace. Ki cika shi kowane dare har kwana 30, sannan ki ƙirga kayan kanta ki gwada da abin da ke rubuce.

Wassalam.