Ba kowace rama ce ta tsutsa ba

Masu kiwon raguna a Rano da Rurum da Kibiya da Tarai, da ku nake. Duk shekara in Layya ta gabato, koken da na fi ji shi ne: "Likita, ragon nan ya ƙi ƙiba, a zo a yi masa allura." Galibi ma an riga an ɗura masa maganin tsutsa. Ni kuwa nakan ce a zuba dusa tukuna, in koma gefe in zuba ido.

Raguna biyar, baho ɗaya. Ƙaton cikinsu ya kafa kai a tsakiya, duk wanda ya matso ya sha karo. Mai ramar yana raɓe jikin danga, sai an watse ya lallaɓo yana lasar gindin baho, ko tari aka yi sai ya zabura. Yunwa na cinsa, tsoro ma na cinsa. Dabbar da ke kwana ta tashi a firgice jikinta ba ya daina fitar da sinadarin kotisol, in abin ya daɗe garkuwar jiki ta raunana, nama ya ƙi zama, tari da zawo su samu ƙofa.

An gwada tasirin matsayi da takura a kan ɓeraye. A 2020 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Munich ta Jamus sun tantance na sama da na ƙasa a rukunin maza da na mata, sannan suka takura musu na tsawon lokaci. Matsayin kowane ɓera ya yi tasiri a kan yadda halinsa ya sauya, kuma tasirin a mata kishiyar na maza ne. A 2017 kuma, a Lausanne ta Suwizalan, an ga mazan da ke sama sun fi karaya in aka yi ta kayar da su. Ashe ƙaton ma ba a huce yake ba.

Ɓera daban, rago daban, amma ina ganin irin haka a garke. Tumaki ba su cika karo ba, ture ce da kafaɗa, shi ya sa ba a ankara da wadda ake hana ci, ko da ciki gare ta.

Ku ƙara baho, ku nisanta su da juna. Ku ware manya da ƙanana, masu ciki su ci su kaɗai. Ragon da aka sayo daga kasuwa a turke shi gefe kafin a haɗa. Don Allah, kafin ku kashe kuɗi a kan allura, ku tsaya ku ga yadda dabbobinku ke cin abinci.