Mi ke ɓata haƙoran yaranmu?

Ƴan uwa, in ƴan lakwal sun taso, ku dubi bakinsu. A kowane gari ana samun masu tabo ga haƙori. A wani gari ƙalilan ne, a wani kuwa kusan kowane gida akwai su. Tabon iri biyu ne.

Na farko yana bisa haƙori. Dattin abinci, shayi da goro ke kawo shi. Ya fi yawa, amma asuwaki safe da dare na rage shi.

Na biyu yana cikin haƙori. Ɗigo ne fari kamar alli, daga baya ya yi ja ko ƙasa-ƙasa. Asuwaki ba ya fidda shi. Sau da yawa ruwan sha ke kawo shi, in wani gishirin ƙasa mai suna fuliyor ya yi yawa ciki. Kaɗan daga gishirin nan na ƙarfafa haƙori, mai yawa na ɓata shi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1,5 cikin lita guda.

Mun ga haka a Tibirin Gobir, kusa da Maradi. Daga 1985 zuwa wajen 2000, mutanen garin sun sha ruwan fanfo wanda fuliyor ɗinsa ya ninka ƙa'ida fiye da sau ukku. Haƙoran yara suka yi ja, ɗaruruwan yara kuma ƙafafunsu suka lanƙwashe.

Ruwan nan garai yake, ba wari. Tafasawa ba ta raba shi da gishirin. Yana ɓarna tun haƙoran girma na cikin dasashi, daga haihuwa zuwa shekara 8. In tabo ya fito, aikin gama ya gama, sai a ceci ƙannai.

Ga abin yi:

1. Ku ƙirga yara masu tabon da ba ya fita.
2. In suna da yawa kuma ruwansu guda, ku gaya ma maigari da ma'aikatan likita, a nemi ma'aikatan ruwa su auna shi.
3. Kada ku bai wa yaro ƙasa da shekara 8 kafso na ƴan tebur. Wani, kamar tetarasikilin, na rina haƙori.
4. Kada ku goge tabo da toka ko yashi, suna cinye haƙori.

Tambaya: yara nawa ke da tabon nan a garinku? Wane ruwa suke sha?