Yadda ake buɗe kwafin faifan kwamfuta ba tare da an taɓa shi ba

Tambaya: Ina gyaran kwamfuta a Sabo, Yaba. Faifan ajiyar wani kwastoma ya fara shaƙewa, sai na kwashe shi kacokan da ddrescue zuwa fayil ɗaya. Na ba da umarnin mount a Linux, ya ƙi buɗewa. In je Computer Village a Ikeja in sayo sabon faifai in juye masa?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Abin da ka kwafa faifai ne sukutum, farkonsa jadawalin rabon ɓangarori, shi kuwa mount ɓangare ɗaya yake nema. Sai ka sa Linux ya ɗauki fayil ɗin tamkar faifan gaske:

sudo losetup -r -f -P --show kwafi.img

Kada ka bar -r, shi ke hana a rubuta komai a kan kwafin. Zai ba ka suna kamar /dev/loop0, ɓangarorin su fito da loop0p1, loop0p2. Duba su da lsblk -f, sannan:

sudo mount -o ro /dev/loop0p2 /mnt

In losetup ɗinka tsoho ne, bai san -P ba, fdisk -l zai nuna inda ɓangaren ya fara. Ninka lambar da 512: mai farawa a 2048 ya zama 1048576, sai ka ba mount -o ro,loop,offset=1048576.

Idan lsblk -f ya nuna LVM2_member, akwai wani rabon a ciki, kamar yadda Ubuntu Server ke yi. Tashe shi da sudo vgchange -ay, duba sunaye da sudo lvs, ka jona /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Sai dai in kwamfutarka ma ubuntu-vg take amfani da shi, sunayen za su yi karo. Mafita mai sauƙi ita ce ka tashi kwamfutarka daga filashi mai Linux.

Faifan da aka ɗauke wa wuta yana cikin aiki kan ƙi buɗewa in ext4 ne. Ƙara masa -o ro,noload. Duk gyaran da ke buƙatar rubutu kuwa, a kan kwafi na biyu za ka yi shi, domin faifai mai ciwo ba lallai ya sake karantuwa ba.

In ka gama kwashe fayilolin, rufe daga ciki zuwa waje: umount, sai vgchange -an da sunan rukunin, sannan losetup -d /dev/loop0. Abin da ka gani a ciki kuma amanar mai shi ce.