Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Bitamin D a Jini

Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan sami kansa a matsayin tafinta, ko a asibiti ko a gida, inda za a miƙo masa takardar gwaji a ce ya yi bayani. Wannan maƙala za ta duba lambobin da ake sa ran gani a gwajin bitamin D, da abin da kowace ke nufi.

Abin da Ake Aunawa

Fatar mutum tana samar da bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta. Ana kuma samun sa a kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai. Hanta ce ke mayar da shi wani sinadari da ake rubutawa 25(OH)D, wanda shi ake aunawa domin yakan yi makonni a jini.

Ma'auni Biyu

Ana bayar da sakamako da nanogiram a mililita, wato ng/mL, ko nanomol a lita, wato nmol/L. Ana ninka na farko sau 2.5 a sami na biyu. Don haka lamba 40 tana iya zama albishir, tana iya zama gargaɗi: 40 ng/mL ya wadatar, amma 40 nmol/L daidai yake da 16 ng/mL, wanda bai kai ba.

Matakan Sakamako

Bisa rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka na 2011:

1. Ƙasa da 12 ng/mL: akwai haɗarin ƙaranci, wanda kan raunana ƙashi.
2. Daga 12 zuwa 20: bai ishi wasu mutane ba.
3. Daga 20 zuwa 50: ya wadatar ga mafi yawan jama'a.
4. Sama da 50: ana bukatar lura.

Wasu ɗakunan gwaji kan ɗauki 30 a matsayin iyaka, shi ya sa ya kamata a duba iyakokin da aka buga a gefen takardar. Guba kuwa galibi sai an haura 150 ng/mL, kuma yawan shan ƙwayoyin bitamin ne ke jawo ta, ba rana ba. Wanda ba ya shan komai in ya ga 150, ya fara duba ma'auni, domin 150 nmol/L bai wuce 60 ng/mL ba.

Kammalawa

Lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam ne babban dalilin lanƙwasar ƙafafun yaran da aka duba. Aikin tafinta shi ne ya faɗi lamba tare da ma'auninta, ya bar wa likita maganar magani.